Wa ya ce ka riƙa gina wa mutane banɗaki da kuɗinka?

Tambaya: Wani mai aikin famfo daga Birnin Kebbi ya rubuto yana cewa: "Shekarata 9 ina wannan sana'a, da yara 4 a ƙarƙashina. Aiki bai yanke mini ba, daga gidajen Gesse da Badariya har makarantu da otal, wani lokaci har Jega da Argungu ake kirana. Amma ban ajiye komai ba. Yanzu haka ina bin mutane kusan naira miliyan 2 da dubu 300, mai shagon da nake ɗaukar kaya kuma yana bi na miliyan 1 da dubu 400. Yawanci jinga nake yi gaba ɗaya, kaya da aiki, a ba ni wani abu in fara, sauran sai an gama. Ina tunanin cin rancen miliyan 5 in buɗe shagon kayan famfo don in riƙa samun kaya a farashin sari. Wani abokina kuma ya ce mu haɗa hannu mu sayi injin haƙar rijiyar burtsatse, wai can kuɗin suke. Wanne ya fi?"

Amsa: Babu wanda ya fi a cikinsu, ƙanena, domin babu wanda ya taɓa ciwon da ke cinka. Ciwon yana cikin maganar da ka faɗa a wuce kamar ba komai ba: jinga gaba ɗaya, kaya da aiki, sauran sai an gama. Wato mutum ya tashi gina gidansa, kai za ka je shago a rubuta sunanka a littafin bashi, ka kwaso fayif da gam da tangaran, ka binne su a bangonsa, sannan ka dawo kana sallama a ƙofar gida, yaro ya leƙo ya ce Alhaji yana wanka. A banɗakin da kuɗinka ya gina. Zauna yau da daddare ka raba wannan miliyan 2 da dubu 300 gida biyu, kuɗin kaya da kuɗin hannu. Ban ga littafinka ba, in ma kana da shi, amma zan yi mamaki in kuɗin kaya bai haura rabi ba.

Ka fi ni sanin yadda ake gini a ƙasarmu. Ba wanda ke fara gida yau ya shiga bayan wata biyu. Za ka shimfiɗa fayif na ƙasa kafin a yi daɓe, ka fafe bango ka saka na ruwa kafin filasta, daga nan aiki ya tsaya. Mai gida yana jiran ya girbe shinkafarsa ta rani a fadama, ko yana jiran a biya shi wasu haƙƙoƙi a wurin aiki, ko ya aurar da 'ya kuɗin tayil sun tafi can. Sai bayan wata 8, wani lokaci shekara, a kira ka a ce zo ka saka kawunan famfo da shawa da tangaran. A wane farashi? A na ranar da kuka yi jinga da baki a gindin bishiya, ba takarda, ba shaida sai magini.

Mu ɗauki gida mai banɗaki 3 da kicin, ka yi jingarsa miliyan 1 da dubu 200. A ce dubu 900 na kaya ne, dubu 300 naka ne da yaranka. Idan kaya suka tashi da kashi 20 cikin 100 kafin ka gama saye, dubu 180 sun tafi, kuma daga aljihunka suka fita, domin mai gida zai ce ai an riga an gama magana. Saura dubu 120, a ciki za ka sallami yara 4, ka sha mai zuwa wurin aiki da dawowa har sau nawa. Shi ya sa kake ganin aiki bai yanke ba amma aljihu fayau.

Kashi 20 ɗin ma na sassauta maka ne. Tuna abin da ya faru daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, da kuma watan Yuni na shekarar da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Fayif ɗin roba daga sinadaran man fetur ake yin sa, kawunan famfo da tangaran kuwa da yawansu daga waje ake shigo da su. Sannan kayan da aka ɗora a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano sai sun bi ta Funtuwa da Gusau da Sakkwato kafin su iso gare ku, kowane kilomita da kuɗin gas ɗinsa. Duk wanda ya yi jingar kaya da aiki kafin wannan lokaci ya zo ƙarasawa bayansa, ya san abin da ya sha.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne inda wannan hanya ke kai mutum. Na san wani mai sana'arku a Gusau, hannunsa yana da kyau ƙwarai, har layi ake yi a kansa. Ya karɓi jingar wani masaukin baƙi mai hawa ɗaya, kowane ɗaki da banɗakinsa. Kafin alƙalamin da aka ba shi bai kai shago ba, domin akwai tsohon aiki da ya maƙale mai shi yana ta kira, sai ya toshe can da shi. Da ya zo sayen kayan masaukin, farashi ya tashi, kuɗi kuma sun ragu. Sai ya yi abin da mai matsuwa ke yi: ya sayi fayif marar kauri ya saka cikin bango, ya tsuke hannu wajen gam, bai tsaya ya cika layin da ruwa ya gwada ba, ya ce wa mai filasta ya rufe. Tanki kuwa yana can saman bene, nauyin ruwa yana danna gaɓoɓin nan dare da rana. Ba a daɗe da buɗe wurin ba bangon ɗaki ya fara gumi, fenti ya kumbura yana ɓarewa, silin ɗin ƙasa ya yi taswira ruwan ƙasa-ƙasa. Sai da aka farfasa tayil ɗaki bayan ɗaki ana neman inda ke yoyo. Mai wurin ya riƙe sauran kuɗin, ya kuma nemi a biya shi tayil. Magana ta kai gaban manya, babur ɗinsa ya tafi a sulhu. Yau yana aikin yini a ƙarƙashin yaron da shi ya koya wa riƙe sifana. Mutumin nan ba macuci ba ne, jinga ce ta matse shi har ya yi aikin macuta, kuma gari bai tsaya bambance wannan ba.

Na san dalilai biyu da ke sa ku yin haka, kuma ɗaya kawai kuke faɗa. Na farko kunya. Babban mutum ya dafa kafaɗarka ya ce, "Kai dai yi aikinka, ai ba mu ɓatawa," sai ka ji nauyin ce masa ya kawo kuɗin kaya tukuna. To, kunyar marar kunya asara ce. Shi bai ji nauyin shiga gidan ya bar ka da mai shago ba. Na biyun, wanda ba a faɗa, shi ne ɗan abin da ake samu a kan kaya: a rubuta fayif 20 a sayi 17, ko mai shago ya ɗan mayar maka da wani abu. Wannan ɗan ɗanɗanon ne ya sa ba ka son mai gida ya je shago da kansa. Lissafa shi da kyau. Don dubu 30 ko 40 da kake tsinta a nan, ka ɗauki haɗarin dubu 900 a wuyanka. In kana ganin zuwa kasuwa da zaɓen kaya aiki ne, kuma aiki ne, saka masa kuɗi a fili a takarda, ka ci halal ɗinka hankali kwance.

Daga aiki na gaba, takarda biyu za ka riƙa bayarwa. Ɗaya ta kaya: kowane abu da adadinsa da kaurinsa da sunan kamfaninsa, a ƙasa ka rubuta cewa wannan farashi na kwana 7 ne. Mai gida ya biya shago da kansa, ko ya tura kuɗin ku je tare da yaronsa a karɓo rasit da sunansa. Ta biyu ta kuɗin hannu, a biya kashi uku: ranar fara shimfiɗa, ranar da ka toshe bakunan fayif ka cika layi da ruwa ya kwana ba ɗigo, mai gida ya gani da idonsa kafin a rufe bango, sai kuma ranar saka kawuna. Wannan na ƙarshe kada ka yanke masa farashi sai lokacinsa ya zo. Ɗauki hoton takardun ka tura masa ta WhatsApp ya amsa, ko da "to" ce kawai. Kuma duk sanda uwargida ta leƙo ta ce a ƙara mata famfo a bayan kicin, faɗi kuɗinsa nan take kafin ka ɗauki guduma. Waɗannan 'yan ƙare-ƙaren suna cin mutum fiye da yadda yake zato.

Wasu za su gudu, na sani. Wanda ya ƙi sayen kayan gidansa da kuɗinsa, da ma da naka ya yi niyyar ginawa, bar shi ya tafi.

Batun shago kuwa, mutumin da ya kasa ce wa Alhaji "kawo kuɗin kaya" alhali kayan na wani ne, yaya zai yi ranar da kayan suke jibge a shagonsa, kowa ya san nasa ne? Cikin shekara guda kantocin za su koma littafi. Ga kuma rancen: a ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma a lokacin sau da yawa sama da haka suke ba ƙaramin ɗan kasuwa. Ko bankin da ba ya harka da ruwa irin Jaiz ka nufa, sai ya nemi ganin shige da ficen kuɗinka a rubuce, kai kuwa naka a ka suke. Injin haƙa ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Sana'a ce daban da masu ita, kuma abokin naka bai gaya maka wa zai biya in an haƙa ba a samu ruwa ba.

Bashin da ke waje shi ne jarin da kake nema. Rubuta sunan kowa da abin da ya rage, ka fara da waɗanda aikinsu bai ƙare ba, domin su ne kake da abin riƙewa a kansu: ba tangaran, ba shawa, sai an cike na baya. Masu albashi ka same su a ranakun da aka biya, ka karɓi ko dubu 50 ne, kada ka tsaya jiran dunƙule. Wanda ya gagara, nemi wanda yake jin nauyinsa ku je tare. Duk abin da ya shigo, mai shago ne farko, tun bai rufe maka littafi ya kuma gaya wa maƙwabtansa ba. Sannan ka daina raina gyara. Otal da makarantar kwana da asibitin kuɗi kullum akwai famfon da ya lalace ko magudanar da ta toshe, kuma kuɗin gyara a hannu ake bayarwa. Ware yaro ɗaya mai hankali ka ba shi wannan ɓangaren, ka nemi wurare 3 ko 4 ku yi yarjejeniyar dubawa duk wata a kan kuɗi tsayayye, su kuma sayen kayan da za a canza yana wuyansu.