Na bar aikin jarida na koma kashiya: ina matsayin albashina da hirarrakina?

Tambaya: Barista, salamu alaikum. Shekara 4 ina ɗauko rahoton waƙa da mawaƙa a wani gidan rediyo mai zaman kansa. Wata 3 ba albashi, sai na samu aikin kashiya a wani kanti a PZ, nan Zariya, na kama aiki ban sanar da gidan rediyon ba. Yanzu sun ce sai na dawo da rikoda da hirarrakin da ke ciki kafin a yi maganar kuɗi. Ni na yi hirar, ai tawa ce ko? So nake in maka su kotu. Kantin kuma sun ba ni takarda in sa hannu, wai in kuɗi ya yi giɓi a cire a albashina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa canjin ya zama alheri. Ban ga takardar ɗaukarka aiki ba, don haka duk abin da zan faɗa yana iya sauyawa idan na karanta ta.

Maganar "ai tawa ce" ita ta fi damuna. Gaskiya ne Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ce wanda ya ƙirƙiri aiki shi ne mai shi tun farko, sai in an yi yarjejeniya saɓanin haka. To amma a sautin da aka ɗauka, ba mai riƙe da makirfo doka take kallo ba, wanda ya shirya ɗaukar take kallo. Idan su suka sayi rikodar, su suka ba ka kuɗin mota zuwa Kano, da sunansu mawaƙin ya buɗe maka ƙofa, da wuya alƙali ya ce taka ce kai kaɗai. Galibi ma akwai layi a takardar aiki da ya miƙa musu komai. Kuma in mawaƙin ya rera baiti a cikin hirar, shi ma yana da nasa haƙƙin. Kada ka ɗora ko ɗaya a YouTube tukuna.

Rikoda kuwa kayansu ce. Bashin da kake bin su bai mayar da ita jingina ba, riƙe ta ma zai iya ba su ƙofar kai ƙarar cin amana wurin 'yan sanda. Ka mayar, a rubuta an karɓa, a sa hannu da kwanan wata.

Sai notis, wato sanarwar barin aiki. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce mako 2 ga wanda ya yi tsakanin shekara 2 zuwa 5. Sai dai ana iya cewa ɗan jarida ma'aikacin ƙwarewa ne, wanda sashe na 91 ya fitar daga kariyar dokar, a koma ga abin da takardarka ta ce. Ko ta yaya, suna iya neman cire kuɗin notis. Kai ma kana da hujjar cewa su suka fara saɓa alkawari, amma ba zan ce maka lallai za ta ci ba. Abin da ba na shakka a kai: albashin aikin da ka riga ka yi haƙƙinka ne. Gidan da ya bar magidanci wata 3 ba ko sisi bai kamata ya riƙa kafa sharaɗi a kan rikoda ba.

Kotu fa? Ba majistare ba ce, ba kuma kotun shari'a ba. Sashe na 254C na tsarin mulki ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin rikicin aiki, kuma Kaduna za ka riƙa zuwa. Sabon kashiya sau nawa za a ba shi izinin barin teburi? Ni dai da ka fara da takardar neman biya, ka sa NUJ, ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, ko jami'in ƙwadago a tsakani. A zaman sulhu kana iya samun abin da kotu ba lallai ta ba ka ba: biya kashi-kashi, da rubutaccen izinin amfani da wasu hirarrakin.

Takardar kantin, kada ka yi gaggawar sa hannu. A fahimtata kashiya yana ƙarƙashin Dokar Ƙwadago, kuma sashe na 5 bai yarda mai kanti ya yanke albashi yadda ya ga dama ba. Sai asarar ta zo ta ganganci ko sakacinka, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce, kuma jimillar abin da za a cire a wata ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ka nemi a rubuta cewa kai kaɗai ke taɓa durowar kuɗi a lokacin aikinka, a ƙirga a gabanka safe da yamma. Rasidin POS ka adana shi. Mai taransfa kada ya fita da kaya sai alat ya shigo asusun kanti, ba hoton wayarsa ba. Ƙanin oga ya ɗauki madara "a rubuta", to a rubuta ɗin, ya sa hannu.

Ka kai wa lauya takardun biyu ya duba kafin ka amsa wa kowanensu.