Furen airis a Bauchi: wanne zai yi, wanne ba zai yi ba

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kin ga hoton wasu 'yan gajerun furanni masu ruwan shuɗi sun rufe ƙasa a wani daji na Amurka, ana kiransu airis, kina tambaya ko za su yi a gidanki na nan Bauchi in kin sa an kawo miki iri. Shawarata ki riƙe kuɗinki. Waɗancan ba za su zauna a nan ba, amma suna da dangi da za su zauna, kuma su nake reno a gidana.

Na hoton, ga alama Iris cristata ne. Yana fitowa da kansa a dazuzzukan gabashin Amurka, musamman wajen tsaunukan Afalashiya, tsayinsa bai wuce santimita 15 ba, yana yin fure a Afrilu zuwa Mayu. Sai ya yi watanni a kwance cikin ƙasa mai sanyin gaske kafin ya farka, sannan yana son inuwar daji da ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen ganye. Mu kuwa a Afrilun nan ne zafi ke kaiwa digiri 40. Hunturunmu sanyin dare ne da asuba, hantsi na yi ƙasa ta ɗau zafi. Haka ma Iris reticulata na Turkiyya da Iran, wanda ake yawan tallarsa a intanet: yana bukatar kamar mako 12 na sanyi. Wasu za su ce a sa shi a firji. Da irin wutar da muke samu, ruɓewa zai yi, in ma ya yi fure sau ɗaya, shekara mai zuwa babu shi.

Wanda na fi so a cikin masu jure zafi shi ne Neomarica, ɗan asalin Brazil. Furensa fari ne da shuɗi a tsakiya, yana buɗewa da safe, kafin magariba ya naɗe, bayan 'yan kwanaki wani ya fito a wuri guda. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake haihuwa. In furen ya gama, sai ɗan tsiro ya fito a ƙarshen sandar da ta ɗauki furen, nauyinsa ya riƙa rinjayarta har ta taɓa ƙasa, ya kafa saiwa a nan. Ni nakan ajiye ƙaramar tukunya a daidai inda zai sauka, in danne shi da ɗan dutse, in ya kama in yanke sandar. Maƙwabtana da dama daga nan suka samu nasu. Rana ce ba ya so, ki sa shi gindin mangwaro ko jikin katangar da rana ke barinta tun kafin azahar.

Sai Dietes na Afirka ta Kudu, akwai fari mai ɗigon ɗorawa, akwai mai ruwan ƙwai da baƙin tabo. Ya fi kowa haƙuri da ƙishi. Akwai kuma Iris domestica na ƙasar Sin, mai ruwan lemo da ɗigo-ɗigon ja, shi ko ƙwayarsa kika shuka zai fito. Ki tambaya wurin masu sayar da furanni a bakin titi, in babu ki ba wani mai zuwa Jos saƙo. Ki tafi da hoto a waya, don ba kowa ya san su da waɗannan sunaye ba. Manyan airis masu gashi-gashi a leɓen fure ma sun fi dacewa da Jos, inda tudu ya kai mita 1,200.

Wajen dashe ne aka fi yin asara. Saiwarsu mai kauri ce kamar citta, a kwance take tafiya, ba ta son a binne ta da zurfi. Ki rufe ta da ƙasa kaɗan kawai. Ki haɗa yashi da ƙasar lambu da takin shanu wanda ya ruɓe sosai, ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma jawo gara. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, don roba na ɗaukar zafi a bazara, amma ki tabbata an huda gindinta. Ki yi dashen a Yuni, ki rage rabin ganyen don kada ya wahala. A Agusta ki ɗora tukwanen kan bulo. In kin ga ganye ya yi ɗorawa daga tushe, kin taɓa saiwar kin ji ta yi laushi tana wari, ruwa ne ya yi yawa: ki tono, ki yanke ruɓaɓɓen, ki barbaɗa toka, ki bari ya sha iska kwana ɗaya kafin ki mayar.

Ki kula da awaki da yara ƙanana, saiwar tana da guba, tana sa amai da gudawa.

Kuma kada ki raina rumana da ke fitowa a gonakinmu da damina. Dangi ɗaya suke da airis, kuma ba ta bukatar lallashi. In ganyenta ya bushe da kaka, ki sa a tono miki 'yan ƙwallaye kaɗan daga gefen gona, ki adana a busasshen wuri, ki dasa in ruwa ya zauna.