Tambaya da Amsa: Ina Bayanan Ɗana Suke Tafiya Bayan An Sa Su a Waya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kai ɗana riga-kafi a asibitin unguwarmu, sai ma'aikaciyar ta rubuta sunansa da ranar haihuwarsa da lambar wayata a rajista, sannan ta sake shigar da su cikin wayar hannu. Maigidana bai ji daɗin haka ba, yana cewa ba mu san hannun da za su faɗa ba. Ina waɗannan bayanai suke tafiya? Daga wata uwa a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Yawancin abin da yake fita daga asibiti zuwa ga hukuma ƙidaya ce ba tare da suna ba. A ƙarshen kowane wata ma'aikata suna haɗa jimillar yaran da suka karɓi kowace allura, da matan da suka zo awo, da waɗanda aka gwada aka samu da zazzaɓin cizon sauro, sai a shigar da jimillar cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta samar kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ɗauke ta a matsayin rumbun bayanan lafiya na ƙasa. Daga nan ne jami'i a Sakkwato ko Abuja yake iya ganin wace ce daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar take baya a riga-kafi, ko wacce maganinta ya kusa ƙarewa.

Cututtuka masu yaɗuwa suna da tasu hanyar. Bayan annobar Ebola ta 2014 aka ƙirƙiro manhajar SORMAS da haɗin gwiwar masana daga Jamus da Najeriya, kuma hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, tana amfani da ita wajen bin sawun cututtuka irin su kwalara da sanƙarau. Duk wanda ya ga yadda sanƙarau ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017 ya san cewa rahoton da ya makara da mako ɗaya rayuka yake ci.

Sunan yaro da lambarki kuwa, amfaninsu shi ne a neme ki idan ranar allura ta gaba ta wuce ba ki zo ba. Duk da haka maigidanki yana da gaskiya da ya yi tambaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ba ki damar sanin abin da aka rubuta a kanki da dalilin rubuta shi. Raunin da nake gani yana wajen aiwatarwa, musamman idan ma'aikaci yana aiki da wayarsa ta kansa wadda ba ta da makulli, ko yana tura hoton rajista ta WhatsApp. Kina da ikon tambayar ma'aikaciyar, cikin ladabi, sunan shirin da take yi wa aiki.

Riga-kafi kyauta ne a asibitin gwamnati, don haka duk wanda ya kira ki da sunan asibiti yana neman BVN ko lambar sirrin banki, ɗan damfara ne. Katin riga-kafin yaron kuma ki adana shi a leda, domin ranar da babu sabis ko waya ta mutu, shi za a duba a san allurar da ta rage masa.