Tambaya da Amsa: Launi Biyar a Kwalba Ɗaya

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida a sakandare, daga Zariya. Malaminmu ya narkar da wani farin gari mai ɗauke da banadiyam (wani nau'in ƙarfe) a cikin asid, ruwan ya yi rawaya. Da ya zuba zinki sai ya koma kore, sai shuɗi, sai kore kuma, daga ƙarshe shunayya. Littafi ya ce launi huɗu ne, ni kuwa biyar na ƙirga. Idona ne ya ruɗe ni?

Amsa: 'Yata, idonki lafiyarsa lau, kuma na ji daɗin wannan lura taki ƙwarai. Banadiyam ɗin ya fara ne daga mataki na +5, wato kamar an raba shi da ilektiron biyar, shi ne rawayan nan. Zinki yana mayar masa da su ɗaya bayan ɗaya: +4 shuɗi, +3 kore, +2 shunayya.

To koren farko fa? Gauraye ne kawai. A lokacin wani kaso ya riga ya zama shuɗi, saura kuma yana nan rawaya, ido ya haɗa su ya ga kore. Kore na biyu, wanda ya zo bayan shuɗi, shi ne na +3 na gaskiya. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe.

In malaminku ya toshe bakin kwalbar da auduga, dalili ke nan: iskar haidurojin da zinki da asid ke fitarwa ta samu hanyar fita, iskar waje kuma kada ta kutso da yawa. Shunayyar nan ba ta jure iska. Ki tsiyaye ta daga kan zinkin ki girgiza, za ta fara komawa kore. Kin taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano? Zane yakan fito daga ramin baba da ɗan kore-kore, yana shan iska sai ya rikiɗe shuɗi. Aikin iskar oksijin ne, a can da nan.

Launukan nan ne ma suka jawo wa banadiyam sunansa. Wani masani mai suna Del Rio ne ya fara gano shi a Meziko a 1801, sannan wani masanin, Sefstrom, ya sake gano shi a Siwidin a 1830, ya raɗa masa sunan Vanadis, wadda mutanen arewacin Turai na dā suka ɗauka allahiyar kyau. A shekarun 1980 kuma wata masaniya, Maria Skyllas-Kazacos, ta ƙera batir a Ostireliya da matakan nan huɗu: ruwan banadiyam na tanki ɗaya yana kai-komo tsakanin +5 da +4, ɗayan tsakanin +2 da +3.

Ki roƙi malaminku ya maimaita gwajin da kuza a maimakon zinki. Kuza ba ta da ƙarfin kai shi +2, don haka ruwan zai tsaya a kore na biyu. Amma ki sa safar hannu, farin garin nan guba ne.