Furen wake na yana ta zubewa, wane ƙwaro ne wannan?

Tambaya: Malam wakena ya yi kyau ya fara fure, amma furen sai ya bushe ya zube ba ya ɗaura ɗa. Na buɗe ɗaya na ga wasu ƴan baƙaƙen ƙwari sirara suna gudu a ciki. Darɓa ce? Na yi feshi sau biyu sun dawo, mai shago ya ce in haɗa magani kala uku. Hankalina ya tashi.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ba darɓa ba ce, darɓa ai taruwa take a jikin kara ta lafe. Wannan tirifs ne, kuma yadda ka kwatanta shi ya fi kama da na furen wake, Megalurothrips sjostedti. Gobe da sassafe ka tsinko fure ka kakkaɓe a kan farar takarda, manyan baƙi wuluk ne masu sheƙi, tsawonsu bai wuce milimita 2 ba, ƴaƴan kuma fari-fari ko ruwan lemo. Na albasa, Thrips tabaci, ya fi ƙanƙanta kuma ruwan ƙasa ne mai haske. In tabbaci kake so ka zuba su a kwalba da sifirit a kai IAR, cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru, Zariya, sai an sa a madubin likita ake rabe su.

Maganar haɗa magani kala uku kuwa, don Allah kar ka yi. Kullum sai na ji wannan, wai sun dawo don maganin bai da ƙarfi, a ninka murfi, a gauraya. Wallahi abin na ci min rai. Ƙwaron nan cikin naman fure yake saka ƙwai, ɗan in ya ƙoshi ya sauka cikin ƙasa ya kwanta, feshinka bai taɓa ko ɗaya ba, bayan kwanaki su fito ka ce jabu aka sayar maka. Shi mai shago kwalba yake son sayarwa bai taɓa leƙa gonarka ba, kai ne za ka shaƙa, ko yaron da ka goya wa famfo ba takalmi ba abin rufe hanci, ka kashe ƙwarin da ke cinye tirifs ɗin, waɗanda suka tsira kuma su daina jin magani. Na ga wanda aka ɗauko daga gona yana amai saboda irin wannan haɗin.

Magani ɗaya, awon da ke jikin kwalba, da safe ko da yamma, daga fitowar tohon fure, ka sake bayan kwana 10 in ka kakkaɓe ka ga suna nan.