Tambaya da Amsa: Me ke sa murjanin teku yin fari, kuma ana iya ceto shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar sakandare ce. Mun ji a rediyo cewa murjanin teku yana yin fari yana mutuwa saboda ɗumamar yanayi, sai ɗalibaina suka tambaye ni ko shi ne murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya, kuma ta yaya dutse zai mutu. Ina roƙon bayani, har da abin da ake yi don ceto shi. Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Jan murjanin da kika sani, wanda fatake suka riƙa ƙetarowa da shi Sahara, ɗan'uwan wanda ake magana a kai ne, amma ba shi ba ne. Shi jan ana ciro shi ne daga wurare masu duhu a tekun Bahar Rum. Wanda ke yin fari kuwa yana zaune a ruwa marar zurfi inda rana ke ratsawa, kuma shi ne ke gina tsaunukan da ke shimfiɗe a bakin tekunan ƙasashe masu zafi. Alhazan da suka shiga tsohon garin Jidda sun ga gidajen da aka gina da duwatsunsa, haka ma kangayen Sawakin na Sudan, inda mahajjatanmu na da can ke jiran jirgin ruwa.

Ki gaya wa ɗaliban cewa murjani dabba ce. Ƙananan halittu ne masu taushin jiki, dubbai a wuri guda, kowace tana fitar da farar ƙasa tana gina wa kanta mazauni, na baya suna ɗorawa a kan na magabata. A cikin jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke haɗa abinci da hasken rana tana ba murjanin mafi yawan abin da yake ci, kuma ita ce ke ba shi launi. Zamansu ya yi kama da na manomi da makiyayin da ya sauka a gonarsa bayan girbi, wannan ya sami taki, wancan ya sami karmami. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba gani a tsakiyar bazara da digiri 1 kacal na ma'aunin Salshiyas, kuma ya daɗe makonni, sai gansakukar ta fara fitar da abin da ke cutar da mai masaukinta, shi kuma ya kore ta. Farin da ake gani ƙashinsa ne ke bayyana ta cikin naman da ya rasa launi. A lokacin bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji, kuma idan ruwa ya huce da wuri gansakukar takan dawo.

An ga wannan fari ya game duniya sau huɗu: a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017, sai wanda aka tabbatar a watan Afrilun 2024. Abin ya dami masana ne domin waɗannan tsaunuka ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku sun dogara da su, kuma su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa garuruwan gaɓa.

Game da ceto, abin da na fi ba muhimmanci shi ne wanda bai cika fitowa a talabijin ba, wato kare kifayen da ke kiwon ciyawar teku. Idan murjani ya mutu, ciyawa kan rufe dutsen, jariran murjani su rasa wurin kamawa, kamar gonar da aka bari ba a yi mata noman farko ba. Jamaika ta ga wannan da idonta. An kwashe kifin ta hanyar su marar iyaka, sai wata bushiyar teku ta rage tana cin ciyawar, a 1983 annoba ta kashe ta, murjanin da ya rufe kusan rabin tsaunukan ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100. Ƙasar Beliz ta hana kamun kifin nan mai baki irin na aku a 2009 saboda wannan dalili, Ostireliya kuma a 2004 ta faɗaɗa hurumin da ba a su a cikinsa zuwa kusan sulusin babban tsauninta mai tsawon kilomita 2,300. A can ne kuma masu ninƙaya ke bin wani tauraron teku mai ƙaya da ke cin murjani, suna yi masa allurar ruwan khal ɗaya bayan ɗaya. Sai tsaftar ruwa, domin takin zamani da ƙazanta da lakar da koguna ke kwasowa suna ƙara wa ciyawa ƙarfi, suna kuma tare hasken rana.

Akwai kuma dashe, inda ake rainon gutsattsarin murjani a kan igiyoyi ko ƙarafa sannan a manna su a dutse. Aiki ne mai kyan gani a hoto, sai dai yana da tsada, kuma filin da yake rufewa ƙanƙane ne. A Yulin 2023, da ruwan wani lungu na kudancin Fulorida ta Amurka ya wuce digiri 38, dole masu rainon suka kwashe dashensu suka kai tankuna a kan tudu.

A ganina, duk waɗannan matakai jinya ce da ke taimaka wa majinyaci ya farfaɗo, ba su rage zafin ruwa ko kaɗan. Murjani mai saurin girma yana bukatar shekara 10 zuwa 15 kafin ya murmure, amma tsaunin Ostireliya ya yi fari a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi hasashe a 2018 cewa ɗumamar digiri 1.5 za ta rage kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na murjanin, ta digiri 2 kuma fiye da kashi 99. Saboda haka rage ƙona gawayin kwal da man fetur da gas yana cikin aikin, domin teku ne ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙinsu ke tarewa.

Idan ɗaliban sun nemi wurin da za su duba a taswira, ki nuna masu arewacin Bahar Maliya, wajen mashigin Aƙaba, inda gwaji ya nuna murjanin yana jure ƙarin digiri da dama ba tare da ya yi fari ba, sannan ki gangaro da yatsa zuwa Sanganeb, wani tsaunin murjani a tekun Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016.