Tambayoyinku Kan Harshe: Tsofaffin Waƙoƙi da Masu Sauraronsu a Ɓoye

Yawancin wasiƙun wannan mako sun karkata ne ga waƙoƙin makaɗan da, saboda haka na tattara su wuri ɗaya.

Tambaya daga Mabera: Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne, kuma na manyanta. Ina matuƙar son waƙoƙin Gambu, amma da zarar surukina ya shiga motata sai in kashe. Abokaina sun ce halina shi ne "ana so ana kaiwa kasuwa". Haka ne?

Amsa: Abokanka sun jefa karin maganar inda ba wurinta ba, Alhaji. Ana faɗin "ana so ana kaiwa kasuwa" ga wanda yake kushe abu da baki alhali ransa yana kansa, kamar yarinyar da take ta aibata saurayi a gaban ƙawayenta, amma duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai ta leƙa. Da a ce kana zama a majalisa kana tsine wa masu sauraron Gambu, sannan ka koma gida ka kunna, to da maganar ta hau kanka daidai. Abin da ka bayyana kuwa jin nauyi ne, kuma ba abin zargi ba ne.

Tunda an zo nan, bari in rarrabe wasu kalmomi da matasa suke cuɗawa kamar duk abu ɗaya ne. Kunya ita ce uwa, ta ƙunshi sauran. Jin nauyi yana tasowa ne daga girman wanda yake gabanka, shi ya sa ake jin nauyin suruki da malami da yayan uba. Kara ita ce ka bar abin da kake da iko a kansa domin ka kyautata wa wani, kawaici kuwa shi ne ka ga abu ko ka ji shi ka yi kamar ba ka lura ba. Saboda haka kai kana jin nauyin surukinka, shi kuma mai yiwuwa kawaici yake yi maka, domin da wuya dattijon ƙasar nan ya ji kalangun Gambu na daƙiƙa biyu bai gane shi ba.

Game da waƙoƙin kansu, Muhammadu Gambu mutumin Fagada ne a ƙasar Kabi, kuma ya yi suna ne da waƙar ɓarayi, abin da ya sa mutane da yawa suke sauraronsa a ɗaki su yi shiru a waje. Hukuncin kiɗa ba fagena ba ne, tun zamanin Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi malamai suke tattauna shi. Ta fuskar harshe dai, an yi nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i, kuma mai neman Hausar dare da ta kasuwa, irin wadda ba a samu a littafin makaranta, zai same ta a bakinsa.

Tambaya daga Runjin Sambo: Mece ce bakandamiya?

Amsa: Ita ce waƙar da makaɗi ya zuba dukkan gwanintarsa a ciki, ya yi wa kansa kirari, ya ƙalubalanci abokan sana'a, har ta zama da ita ake auna sauran waƙoƙinsa. Ta Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ita ce ta fi shahara a ƙasar Sakkwato, Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ma yana da tasa. Abin da yake ba ni haushi shi ne yadda masu gabatar da shirye-shirye suke kiran kowace waƙar da ta fito ranar Alhamis bakandamiya, ta mako mai zuwa ma bakandamiya. Mawaƙin da bai cika shekara uku da fara waƙa ba har an lissafa masa bakandamiya biyar. Kalmar tana bukatar tarin waƙoƙi da tsawon zamani kafin a ce ga wadda ta fi, don haka a riƙa yi mata adalci.

Tambaya daga Bodinga: Ya halatta a kira tsohuwar waƙa "tsohuwar zuma"?

Amsa: Ya halatta, domin da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai ba kowace tsohuwar waƙa ce ta cancanci sunan ba.

Tambaya daga wata ɗaliba a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: Malam, ina rubuta baitocin Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo domin aikin makaranta. Shin in mayar da su daidaitacciyar Hausa ne ko in bar su yadda na ji su?

Amsa: Ki bar su yadda kika ji su, 'yata, kuma ki gaya wa duk wanda ya ce ki gyara cewa ni na hana. Wannan ita ce ɓarnar da na fi gani a intanet, inda mutum zai ɗauki waƙar makaɗin fadar Sakkwato ko Zamfara ya rubuta ta da Kananci, yana ganin ya yi mata gata.

Ki duba abu ɗaya kawai. Makaɗin ƙasar Sakkwato zai ce "sunka taho", mai gyara ya mayar da shi "suka taho". A ido harafi ɗaya ne ya faɗi, amma a kunne gaɓa mai nauyi ce ta koma marar nauyi, kuma a kan nauyin gaɓoɓi ne kiɗa yake tafiya. Ki gwada rera layin da aka gyara a kan kiɗan asali, za ki ji harshenki yana neman abin da zai cike gurbin. Haka "yaz zaka" da "yat tahi" suke, inda baƙin yake ninkuwa, haka "munka" da "anka", haka "gidanai" da "matatai" a maimakon "gidansa" da "matarsa". Idan kika sauya "awa" da "kamar", ko "wanga" da "wannan", ma'ana tana nan amma karin waƙar ya karye.

Wani lokaci ma'anar ma takan tafi. A wurinmu "ɗiya" jam'i ne, yana nufin 'ya'ya maza da mata, shi ya sa masana suke kiran sassan waƙar baka ɗiyan waƙa, kowanne kuma ɗa, suna komawa ga gindi, wato layin da ake ta maimaitawa, bayan 'yan amshi sun karɓa. Mutumin gabas yana jin "ɗiyan sarki" sai hankalinsa ya tafi ga gimbiya, alhali makaɗin yana magana ne a kan 'yan sarki masu hanƙoron gadon sarauta. Na taɓa ganin sharhi mai tsawo da aka gina a kan irin wannan kuskure, marubucin yana ta mamakin abin da ya haɗa makaɗin fada da 'yar sarki.

Jankiɗi ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku waƙa, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, Ɗanƙwairo kuma, mutumin Maradun, ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello da sarakuna da dama. Waɗannan mutane a gaban masu harshen suka yi waƙa, a fadar da kuskuren kalma ɗaya yake iya jawo wa makaɗi fushin sarki, saboda haka ba su bar wa ɗan makaranta abin gyara ba. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma bakin ya haɗa da karin harshensa. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta, ki yi sharhinki da ita, ki sa bayanin kalmomi masu wuya a ƙasa. Idan wata kalma ta shige miki duhu, kada ki yi hasashe, ki nemi tsohon da ya taso a kusa da fada ki kunna masa, sau da yawa kafin layin ya ƙare ya riga ya ƙarasa shi da bakinsa.

Tambaya daga Tambuwal: Zambo da habaici ba abu ɗaya ba ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, ko da yake 'yan uwan juna ne. Zambo yana siffanta mutum ne domin a yi masa dariya, ya taɓa ƙirar jikinsa ko tafiyarsa ko rowarsa, sau da yawa a kamanta shi da wata dabba, har wanda ya san shi ya gane shi ko ba a ambaci suna ba. Makaɗan fada sun fi yi wa abokan hamayyar ubangidansu. Habaici kuwa magana ce a lulluɓe wadda ake jefawa a tsakar jama'a, mai ita ya tsargu, tunda mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Waƙoƙin daka da na niƙa cike suke da shi tsakanin kishiyoyi. Wanda ya fito ya ambaci uwar mutum kuma ba zambo ya yi ba, ba habaici ba, zagi ya yi, komai daɗin kiɗan da ya ɗora a kai.

Tambaya daga Arkilla: Da wane kiɗa Ɗan Anace ya yi waƙar Shago ɗan dambe, kotso ko taushi?

Amsa: Babu ko ɗaya, da kalangu ne, kamar sauran makaɗan dambe. Kotso na su Narambaɗa da Ɗanƙwairo ne, taushi na su Jankiɗi, kuma dukansu biyu kiɗan fada ne da ake bugawa da hannu.